Ɗan Fashin Teku na Majigi, da Maharan da Muka Manta

Tun daga watan Mayu na shekarar 2024, sa'ad da shugaban Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, Dokta Shaibu Husseini, ya tsaya a wani taro a Inugu ya ba da sanarwar cewa Ministar Al'adu, Hannatu Musawa, ta amince da wata sabuwar ƙa'ida game da abin da za a riƙa nunawa a fina-finai, maganar ba ta kwanta ba a wuraren da jama'a ke taruwa domin kallo. Duk wanda kuwa ya zauna a teburin mai shayi a Mararaba bayan sallar isha'i, ko ya tsaya a rumfar samarin nan masu tura fina-finai a waya a wajejen Kasuwar Orange da Sharp Corner, zai ji ana ta maimaita zance guda, watau wai gwamnati ta hana a nuna ɓarawo da ɗan fashi da mai shan taba a cikin fim, wasu suna murna, wasu suna tsaki, alhali kuwa mafi yawansu ba su san abin da takardar ta ƙunsa ba. Abin da ƙa'idar ta ambata shi ne tsafin neman kuɗi, da kisan kai domin tsafi, da tallata taba da ƙawata ta, kuma hukumar da kanta ta fito daga baya ta yi bayani cewa ba ta haramta nuna waɗannan abubuwa ba inda tarihi ko ilmantarwa suka wajabta, illa dai a sa gargaɗi, kada kuma a yi musu ado. Wanda ya zo kusa da haramci na sosai shi ne umarnin Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano na watan Satumba na shekarar 2021, zamanin Isma'il Na'abba Afakallah, wanda ya hana shirya fina-finan da ke nuna satar mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya, bisa hujjar cewa matasa suna koyon ɓarna daga gare su.

Niyyar masu waɗannan dokoki kyakkyawa ce, ba mai musun haka sai wanda bai taɓa shiga motar haya daga Nyanya zuwa Masaka da dare yana duban fuskokin fasinjoji ɗaya bayan ɗaya don tsoron 'yan fashin cikin mota da ake kira 'yan wan-cans ba. Amma ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Fim ɗin da ke ɓata tarbiyya game da fashi sau da yawa ba ya nuna jini ko kaɗan, bal ma tsabtarsa ita ce illarsa, domin yakan nuna ɗan fashin ya ɓoye wanda aka yi wa fashin. Kuma babu misalin da ya fi bayyana wannan mas'ala kamar tsoffin fina-finan 'yan fashin teku na Amurka, irin waɗanda gidajen silima na farko a ƙasar nan, tun daga Rex da aka buɗe a Kano a 1937, suka taso a zamaninsu.

Mu ɗauki ɗaya daga cikin mashahuransu, wanda kamfanin Paramount ya fitar a 1944 da suna Frenchman's Creek, aka ɗauko shi daga littafin da marubuciyar Ingila Daphne du Maurier ta wallafa a 1941. Mitchell Leisen ne ya ba da umarni, Joan Fontaine ta fito a matsayin uwargida Dona St Columb, Arturo de Córdova, mutumin Meziko, ya fito a matsayin ɗan fashin. An kashe masa sama da dala miliyan 3 a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma ci lambar Oscar ta tsara wuri da ƙawa. Ƙissar ta faru ne a zamanin Sarki Charles na Biyu, a ƙarni na 17. Dona matar wani basarake ce wadda zaman Landan da shashancin fadawa da wautar mijinta suka gundure ta, sai ta kwashi 'ya'yanta biyu ta koma gidan gonarsu da ke Navron, a gaɓar tekun Cornwall, inda ta tarar ashe wani Bafaranshe ɗan fashin teku ya mai da wani lungun ruwa da ke bayan gidan maɓoyar jirginsa, har baran da ke tsaron gidan ma yaronsa ne. A cikin littafin, alamar farko da ta gani ita ce tulun taba da wani diwanin waƙoƙin Faransanci da aka bari a gefen gadonta. Sa'an nan da ta sadu da shi, sai ta iske mutum mai ladabi da natsuwa, wanda ke zaune yana zana hotunan tsuntsayen bakin ruwa, wanda ya bar gidansa da dukiyarsa a Faransa ya shiga fashi don kawai zaman lafiya ya ishe shi. Ta yi shigar maza ta bi shi suka sato wani jirgi maƙare da kaya daga tashar Fowey, ya fizge hular gashin wani basarake mai suna Godolphin don ya cika alkawarin wasa da ya yi mata, daga baya ta kashe Rockingham, abokin mijinta, sa'ad da ya nemi ya ci mutuncinta, aka kama Bafaranshen za a rataye shi, ta shirya dabarar da ya kuɓuta. Da ya ce ta zo su tafi, sai ta dubi 'ya'yanta ta zauna, shi kuwa ya ja jirginsa ya shige teku.

To, a duba da kyau a ga abin da aka yi wa mai kallo a nan. Waɗanda aka yi wa fashi duk an zana su wawaye ne masu tumbi, waɗanda asararsu abin dariya ce. Matuƙan jirgin da aka sace, da masu dako, da ƙananan 'yan kasuwar da jarinsu ke cikin kayan, da matan da ke jiran albashin mazajensu, ba wanda aka ba shi fuska balle suna. Idan aka kawo wannan fim gaban ƙa'idarmu ta 2024, iyakar abin da za a kama shi da shi shi ne tabar, a liƙa mata gargaɗi, fashin kuwa ya wuce salin-alin. Wani abin lura kuma shi ne, an yi fim ɗin ne a ƙarƙashin dokar tacewa mai tsanani, wadda ake kira dokar Hays, da aka fara zartarwa sosai a Amurka a 1934, wadda ta shar'anta kada a nuna laifi ya yi riba, kada kuma a ƙawata cin amanar aure. Masu fim suka bi harafin dokar sau da ƙafa: matar aure ta koma ɗakinta, masoya sun rabu. Amma duk wanda ya san zuciyar ɗan Adam ya san rabuwar nan ita ce ta ƙara wa ɗan fashin kwarjini, domin mutumin da aka raba da masoyiyarsa tausayinsa ake ji, ba a bincikar hannunsa. Saboda haka masu cewa ya isa a hukunta mugu a ƙarshen fim, ko a sa ya yi nadama a minti biyar na ƙarshe bayan an shafe sa'o'i biyu ana yi masa kirari, su sani an riga an jarraba wannan magani shekaru 80 da suka wuce, bai yi ba.

Haƙiƙanin 'yan fashin tekun wancan zamani kuwa ba sai mun je Cornwall neman labarinsu ba, gama a gaɓar tekunmu ta Afirka ta Yamma suka yi wasu daga cikin munanan ayyukansu. Bartholomew Roberts, wanda ake lissafa shi cikin mafiya yawan kamun jirage a tarihinsu, ma'aikaci ne a wani jirgin bayi sa'ad da 'yan fashi suka kama shi a Anomabu, a ƙasar Gana ta yau, a 1719, ya shiga cikinsu, ba da jimawa ba ya zama shugabansu. A watan Janairu na 1722 ya shiga tashar Ouidah, a Jamhuriyar Binin ta yau, ya tarar da jiragen bayi 11, ya ɗora wa kowanne fansar garin zinariya. Da kyaftin ɗin ɗayansu, mai suna Porcupine, ya ƙi biya, sai mutanensa suka cinna wa jirgin wuta alhali akwai bayi wajen 80 a ciki ɗaure da sarƙa biyu-biyu, waɗanda suka faɗa ruwa kifaye suka cinye su, waɗanda suka tsaya wuta ta cinye su. Bayan wata guda jirgin yaƙin Ingila mai suna Swallow ya kashe shi a Cape Lopez, a ƙasar Gabon ta yau; aka yi wa mutanensa shari'a a gidan kurkukun Cape Coast, aka rataye 52, baƙaƙen fatar da aka samu a jiragensa kuwa, su fiye da 60, ba a ma tsaya yi musu shari'a ba, sayar da su aka yi. Kafin Roberts da shekara 160, John Hawkins ya fara kwasar mutane daga gaɓar Saliyo a 1562, ɗan'uwansa Francis Drake ya bi shi a wata tafiyar, daga baya Sarauniya Elizabeth ta Farko ta ba Drake sarauta a 1581. Waɗannan su ne kakannin jarumin da ke zana tsuntsaye.

Kada kuma mu Musulmi mu yi saurin wanke hannu, musamman yanzu da fina-finan Turkiyya masu dogon zango suka sa samarinmu suka san sunan Hairuddin Barbarosa, babban amiral na Daular Usmaniyya wanda ya ci yaƙin Preveza a 1538 ya rasu a Istanbul a 1546. Lalle akwai bambanci a shari'a tsakanin mai yaƙi a teku da izinin sarkinsa da wanda ya fita don kansa, malaman fiƙihu kuma sun yi tafsili a kan haka. Amma hukuncin hiraba, watau tare hanya da makami a tsorata matafiya a ƙwace dukiyarsu, yana nan a Suratul Ma'ida, yana cikin Risala da Muhtasar da almajiranmu ke karantawa a zaure, yana kuwa daga cikin mafiya tsananin haddi, ba a kuma keɓe teku ko daji daga cikinsa ba. Abin da ya fi shafarmu a tarihin jiragen Magrib shi ne birnin Tarabulus, domin a nan ne teku da Sahara suka haɗu. Yusuf Karamanli, wanda ya mulki birnin daga 1795 zuwa 1832, har ya yi yaƙi da Amurka daga 1801 zuwa 1805 a kan kuɗin da jirage ke biya don a bar su su wuce, da Turawa suka toshe masa kuɗin shiga ta teku sai ya ƙara mai da hankali kudu, ga Fezzan da hanyar Barno, inda babbar hajar ayari ita ce ɗan Adam. Ta wannan hanya ce, ta Murzuk, aka bi da dubban mutanen ƙasashen nan a ƙafa. Mashigin Tekun Gini ma na yau bai rabu da abin ba: a shekarar 2020 kaɗai an sace ma'aikatan jirage 130 a cikinsa, daga cikin 135 da aka sace a duniya duka, duk da dokar da Nijeriya ta yi a 2019 ta hukunta 'yan fashin teku.

Mu dai a Arewa, gaskiya, ba ɗan fashin teku ne ya fi shiga zukatanmu ba, tun da teku ta yi mana nisa; takwaransa na tudu ne, wanda fina-finan Indiya suka kawo mana a kan doki da bindiga da jigidar harsashi. Dattawan da suka yi zamanin silima za su tuna Dilip Kumar a Gunga Jumna na 1961, da Sunil Dutt a Mujhe Jeene Do na 1963, inda ɗan fashi ke sace mai rawa ya aure ta, soyayya ta gyara shi, ajali kuma ya riske shi kafin ya ci moriyar tubarsa. Amma a yi wa Indiyawa adalci: a Mother India na 1957, wanda aka yi shekaru ana cika silimun Kano da shi, uwa ce ta harbe ɗanta da hannunta sa'ad da ya zama ɗan fashi ya ɗauke 'yar mutane, kuma an nuna wa mai kallo zaluncin mai ba da bashi da ruwa wanda ya kai yaron ga haka, ba tare da an halatta masa abin da ya yi ba.

Abin da ke ba ni takaici, wanda kuma shi ne maƙasudin wannan rubutu, shi ne muna da namu fim na tarihi wanda ya warware wannan mas'ala tun shekarar 1976, ya nuna satar mutane ƙiri-ƙiri ba tare da ya ƙawata ta ba, amma da za ka bi gidajen kallon Mararaba da Ado da Masaka ɗaya-ɗaya kana tambaya, da wuya ka sami saurayin da ya taɓa ganinsa. Ina nufin Shaihu Umar. Asalinsa littafi ne da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta yana matashin malamin makaranta a Bauci, bai fi shekara 22 ba, domin gasar da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya a 1933, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A zubin nan ne kuma aka fitar da Jiki Magayi na John Tafida da East, wanda shi ma labarin soyayya ce da aka raba da ƙarfin dukiya, ta rikiɗe ta zama ramuwar gayya da ta mai da ɗan da aka haifa ɓarawo. Sauran marubutan sun bi hanyar ban dariya da al'ajabi da yaƙi. Shi Abubakar, da natsuwar nan tasa da aka san shi da ita har ya zama Firayim Minista, sai ya zaɓi ya ba da labarin bauta daga bakin wanda aka sace.

Shaihu Umar babban malami ne a Rauta, kusa da Bauci, wanda almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya zauna ya ba su labari. An haife shi a Kagara, mahaifinsa ya rasu, uwarsa ta auri wani bafade mai suna Makau. Shi kuwa Makau, a lura, mutumin kirki ne a cikin ƙissar, mai riƙon amana, amma sana'arsa ita ce fita hari da umarnin sarki a kamo mutane, kuma a kan rabon abin da aka kamo ne 'yan'uwansa fadawa suka ƙulla masa sharri aka kore shi daga gari. A nan hikimar marubucin take, domin bai kawo mana wani dodo daga waje ya ce ga mugu ba. Ya nuna al'umma ce sukutum, da sarkinta da fadawanta da mutanen kirkinta, take ci daga wannan sana'a, sa'an nan ya juya ya nuna yadda abin ya faɗo a kan gidan maharin kansa. Aka sace Umar yana ƙaramin yaro, ya bi hannu-hannu har Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi ya ƙetare Sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Uwar kuwa ta bar kome ta bi sawun ɗanta, aka yaudare ta aka mai da ita baiwa, aka bi da ita ta Murzuk har Tarabulus, tana shan wulaƙanci shekara da shekaru. Sa'ad da Allah ya haɗa su daga ƙarshe, ta riga ta ƙare, ba ta daɗe ba ta cika. In ana neman ƙauna wadda ƙaddara ta yanke, ga ta nan, ta fi ta uwargida Dona nauyi nesa ba kusa ba, domin ita Dona zaɓi aka ba ta tsakanin daɗi biyu, wannan kuwa ba a tambaye ta ba.

Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Ingilishi a 1967, shekara guda bayan an kashe marubucinsa. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo. Sa'an nan Adamu Halilu, wanda daga baya ya zama shugaban farko na Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, ya ɗauke shi a fim da harshen Hausa a 1976 da kuɗin Gwamnatin Tarayya, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun, aka nuna shi a zamanin bikin FESTAC na 1977. Tsawonsa ya haura sa'o'i biyu, da dawakai da raƙuma da ayari da fada da zaure, da Hausa irin wadda yanzu sai a bakin tsofaffi. Daga nan sai ya ɓace, har aka ɗauka ya salwanta, sai a 2016 aka gano faya-fayansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai, cibiyar Arsenal ta birnin Balin ta gyara shi da taimakon Jamusawa, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Watau sai da baƙi suka zo suka share masa ƙura, sa'an nan muka tuna muna da shi. Shi Adamu Halilu ya sake yin wani fim na tarihi a kan Kanta na Kabi, wanda shi ma yau sai dai a ji sunansa a takardun masana.

Mazauna Mararaba kuwa sun fi kowa cancantar su ga irin wannan fim, domin ƙasar da suke kwana a kai, wadda a taswira take cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa ko da yake Abuja take yi wa aiki, tana tsakiyar filin da aka yi wannan ta'asa. A yamma akwai tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, wadda Abu Ja ya kafa a 1828 bayan jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga Zariya. A gabas akwai Keffi, wadda Abdu Zanga ya kafa a farkon ƙarni na 19, tana biyan gaisuwa ga Sarkin Zazzau, bayi kuwa suna cikin abin da ake kaiwa. Tsakanin waɗannan garuruwa da kewayensu Gbagyi ne da Gwandara da Koro da Yeskwa da Mada da Eggon, waɗanda da yawansu suka hau duwatsu suka zauna, ba don sha'awar iska ba. Jikokin waɗanda suka kai harin da jikokin waɗanda aka kai wa, da jikokin fataken da aka tare wa hanya, yau ga su a layi ɗaya suna jiran mota zuwa Sakatariya da asuba, suna haya a gida ɗaya, suna auren juna, amma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ba su labarin da gaskiya. Kowa da abin da kakarsa ta raɗa masa, kuma irin wannan raɗa ita ce takan fito da kaifi ranar da rigima ta tashi.

Ga kuma Magaji Ɗan Yamusa na Keffi, wanda in da muna da masu fim masu himma da tuni sun yi rububinsa. Wakilin Sarkin Zazzau ne a Keffi, jarumi ne wanda ya ƙi sunkuya wa Nasara, shi ne ya kashe Razdan Kyaftin Moloney a ranar 3 ga Oktoba 1902, ya hau doki ya nufi Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa, Gwamna Lugga kuma ya riƙe wannan a cikin hujjojinsa na kai wa Kano yaƙi a watan Fabrairu na 1903. Ana kuma ruwaito cewa a Burmi ya cika tare da Sarkin Musulmi Attahiru. Wannan fuska ɗaya ke nan, ita ce kuma za ta fi daɗin ɗauka, da algaita da tambari da alkyabba tana kaɗawa. Amma mutumin nan dai shi ne shugaban masu kai hari a ƙauyukan kudancin Keffi, abin da suka yi jayayya da Moloney a kansa kuwa har da batun hana kamun bayi. Duk wanda zai yi fim ɗinsa ya tsaya a fuskar farko kaɗai, to Frenchman's Creek ya sake yi da rawani. Wanda kuma ya tsaya a ta biyu kaɗai, rahoton Lugga ya karanta mana. Aikin fasihi shi ne ya riƙe duka biyun, ya nuna mana jarumtar, ya kuma shiga da mu cikin ƙauyen da aka faɗa wa da asuba mu ga wadda ke daka ta yar da taɓarya ta suri ɗanta. Dokar da ta ce kada a nuna satar mutane sam, da an bi zahirinta, da ta hana wannan fim, da ta hana Shaihu Umar kansa.

Ba kuwa ƙarancin madogara ne ya hana mu ba. Akwai labarin Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da mahara suka kama, aka 'yanta shi a Kukawa, ya bi Heinrich Barth har Ingila a 1855, ya ba wani Bature mai suna Schön tarihin rayuwarsa da Hausa, ya dawo ya ƙare kwanakinsa a Kano a 1912. Akwai Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarinta aka buga a 1954, inda ta bayyana yadda mahara suka faɗa wa danginta suka kwashi mata da yara, da yadda aka yi ta kai da kawowa ana ciniki, ana tara kuɗin wuri ana fanso su ɗaya bayan ɗaya; duk wanda ya karanta wannan babi, ya kuma tuna watannin da iyalan fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna suka yi suna jira bayan harin 28 ga Maris 2022, zai ga sana'ar ba sabuwa ba ce, babur da waya kawai aka ƙara mata. Akwai tarihin Abuja da Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta. Dokar Lugga ta 1901 ta ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne, amma ba a soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936, watau bayan an buga Shaihu Umar. Saboda haka lokacin da Abubakar ke rubutu, masu tabon abin a jikinsu suna raye, suna cikin masu sauraro in an karanta.

Ina kira ga hukumomin tacewa, ta ƙasa da ta Kano, su rage ƙidayar bindigogi da karan sigari, su riƙa yi wa kowane fim tambaya guda: wanda aka zalunta, an ba shi fuska da suna da uwa, ko kuwa an mai da shi itacen da jarumi ke sara don a ga ƙarfin damtsensa? Masu shirya fina-finanmu na Kano da Kaduna da Jos kuma, waɗanda suka iya kashe kuɗi a kan rawa a gaban gidan haya na alfarma a Maitama, su ji kunya su waiwayi Keffi, ga ta nan a bakin hanya. Amma mafi sauƙin abin da za a yi, wanda ba ya bukatar sabuwar doka ko kwamiti, yana hannun Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da ke Jos da ma'aikatar da ke bisanta a Abuja. Fim ɗin an riga an gyara shi, da dukiyar jama'a aka yi shi tun farko, harshensa kuma shi ne harshen kasuwar Mararaba. A ba gidajen talabijin na Hausa izinin nuna shi, a kai shi makarantun sakandaren Karu da Keffi, a kuma sauko da girman kai a miƙa shi ga masu gidajen kallo da samarin nan masu tura fina-finai a waya, domin su ne suke da jama'ar, ba ɗakunan taro na otal-otal ɗin Abuja da ake gayyatar jakadu ba.